Ba Kowane "Free" Ba Ne Kyauta



Makon jiya na ba ɗalibaina aikin fassara, a ciki akwai "sugar-free biscuit". Fiye da rabin ajin suka rubuta "biskit mai sukari kyauta". Na yi dariya, amma daga baya abin ya dame ni. Kamfanin cewa ya yi babu sukari a ciki, su kuma suka ce akwai, har ma ba sai ka biya ba. Ka ga an kifar da ma'anar gaba ɗaya, kuma mai ciwon suga da irin wannan rubutun yake zaɓen abin da zai ci.

Gaskiya laifin ba na yaran ba ne su kaɗai. Mu malamai mu muka saba musu da haddar kalma ɗaya, ma'ana ɗaya: "free" kyauta, shi ke nan. To bari ka ga yadda take sauyawa.

A "free education" kyauta ce tabbas, kamar shirin ilimin firamare kyauta da aka fara a Nijeriya a 1976.

Amma da Mandela ya bar kurkuku a 1990 bayan shekara 27, aka ce "Mandela is free", sakinsa aka yi, ya sami 'yanci.

A 2020 aka ayyana Nijeriya a matsayin "polio-free". Ai ba shan inna ake rabawa kyauta ba, ƙasar ce ta rabu da cutar. Duk inda ka ga kalmar a maƙale a bayan suna, yawanci "babu" take nufi.

In abokinka ya ce "Are you free?", tambayarka yake ko kana da sarari.

A filin ƙwallo kuwa "free kick" bugun tazara ne.

Kalma ɗaya a Turanci, amma Hausa ta ba kowace ma'ana sunanta. Don haka kafin ka ɗora biro, karanta jimlar har ƙarshe, sannan ka tambayi kanka: da Bahaushe ne ya fara faɗin wannan maganar, ya zai ce?

Ga naka aikin: ya za ka fassara "free and fair election"? Don Allah kar ka ce min zaɓen kyauta.