Hausawan Sabo ta Ibadan a Idon Abner Cohen

Littafin Abner Cohen mai suna Custom and Politics in Urban Africa, wanda aka buga a 1969, ya ginu ne a kan zaman da marubucin ya yi a unguwar Sabo ta Ibadan tsakanin 1962 da 1963. Tambayar da ya sa a gaba ita ce: me ya sa Hausawan Sabo, bayan shekara da shekaru a tsakiyar Yarabawa, ba su saje da su ba, sai ma ƙara ƙanƙame al'adarsu da suka yi?

Amsar Cohen ita ce kasuwa. Shanu suna gangarowa daga Arewa, goro yana haurawa daga Kudu, kuma cinikin a kan bashi da amana yake tafiya. Maigida shi ke saukar da falke, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya wa mahaucin da ya ɗauki sa bashi. Irin wannan amana ba ta ɗorewa sai tsakanin mutanen da harshe da shugabanci suka ɗaure. Tun 1916 aka keɓe Sabo, Turawa kuma suka amince da sarkinta. Da guguwar siyasar jam'iyyu ta taso a farkon shekarun 1950, wannan inuwa ta gushe, sai mutanen Sabo suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, suka ware masallacin Jumma'arsu a 1952. Wato dai, a ganinsa, ƙabilanci makami ne da ake ƙerawa a birni don tsare hanyar abinci.

Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Alal misali, Paul Lovejoy ya nuna a 1980 cewa manyan fataken goro, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, asalinsu ba Hausawa ba ne. Fatauci ne ya Hausantar da su.

Sai dai kuma Cohen ya ɗora wa kasuwa kayan da ya fi ƙarfinta, musamman a kan addini. Tijjaniyyar Shehu Ibrahim Inyas ta riga ta yi rassa a Kano tun shekarun 1940, a garin da babu Bayaraben da zai ƙwace wa kowa goro. Ashe ke nan mutanen Sabo ruwan da ya ci dukkan ƙasar Hausa ne ya iso gare su. Mai yiwuwa ne keɓe masallaci ya amfani masu gidaje, amma cin moriyar abu daban, dalilin karɓarsa daban. Wanda ya taɓa zama a da'irar wazifa zai yi wuya ya yarda cewa lissafin shanu ne ya tara mutanen.

Giɓi na biyu ba laifin marubucin ba ne, zamani ne ya wuce shi. Littafin ya bayyana yadda ake gina katanga tsakanin al'ummu biyu, amma bai isa ya bayyana jinin da aka zubar a Shagamu a 1999, ko a kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021 ba. Mai neman wannan bayani dole ya leƙa tsarin mulkin 1979, wanda ya jingina zama ɗan jiha a kan asalin iyaye da kakanni. A ƙarƙashin wannan ma'auni, jikan maigidan da Cohen ya zauna da shi, haifaffen Sabo, mai jin Yarabanci kamar Hausa, baƙo ne a Ibadan.