Rawar Hausawa a Cikin Littattafai: Abin da Aka Rubuta da Abin da Aka Tsallake

Manufar wannan maƙala ita ce ta auna waɗansu littattafan da suka taɓo rawar Hausawa ta fuskar zaman yau da kullum, da soyayya, da kuma sha'anin iskoki da ibada, don a ga abin da suka kama da abin da ya kuɓuce musu. Ma'aunin da za a yi aiki da shi mai sauƙi ne. A ɗauka ga malamin Hausa a Fakku, cikin ƙasar Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato, yana koyar da al'adun gargajiya, har ya iso babin rawa. Wane littafi zai buɗe? In kuwa ya buɗe, rawar wa zai tarar a ciki?

Kafin a shiga littattafan, ya kamata a ɗan tsaya a kan kalmar kanta, domin daga nan rikicin ya faro. A Hausa "rawa" ta haɗa abu biyu. Akwai motsin da mutum yake yi da gangan bisa kiɗa ko tafi, akwai kuma kaɗawar da ba shi da iko a kanta, kamar rawar ɗari da rawar murya. Daga ta biyun aka sami rawar kai da rawar jiki, waɗanda ba yabo ba ne ga dattijo. Saboda haka kalmar tana ɗauke da ƙanshin rashin natsuwa, kuma duk wanda yake ganin motsinsa ya fi wasa nauyi yakan guje ta. Ɗan bori yakan ce an hau, ko iska ya hau dokinsa. Mai zikiri da bandiri, komai rangajin da yake yi, ba zai yarda a ce rawa yake ba. Manazarcin da bai lura da wannan ba zai tara abubuwa uku a ƙarƙashin suna ɗaya, alhali masu abin sun raba su.

Rubutun da ya fi kusa da Fakku a ƙasa shi ne na malaman jihadi. Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, da Tambuwal, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna, duk maƙwabta ne ga ƙasar Kebbe. Veit Erlmann ya tattara maganganunsu a kan kiɗa cikin littafinsa Music and the Islamic Reform in the Early Sokoto Empire (1986), tare da nassin Larabci da fassara. Amfanin littafin shi ne ya nuna cewa hukuncin bai zo baki ɗaya ba. Shehu Usmanu ya tsananta a rubuce-rubucensa na farko, sa'an nan a na baya, irin su Misbahu da Najmul Ikhwani, ya sassauta a kan waɗansu kaɗe-kaɗe, kamar na yaƙi da na shelar aure, shi kuwa Malam Abdullahi ya fi riƙe tsanantawa. To amma tambayar da waɗannan malamai suke amsawa ta halas da haram ce. Abin da ya dame su shi ne cuɗanyar maza da mata, da shagala, da girmama iskoki. Ba aikinsu ba ne su bayyana yadda ake ɗaga ƙafa ko yadda ake juya kafaɗa, ba su kuma yi ba. Malamin Fakku zai sami hukunci a wurinsu, da shaidar cewa rawar tana nan da ƙarfinta a wancan zamani, tun da ba a yin wa'azi a kan abin da babu.

Akwai wani abu guda a tarihin wannan gida da ya cancanci a lura da shi. Jean Boyd, a cikin The Caliph's Sister (1989), ta nuna cewa lokacin da Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa wa jajinta malfa, watau irin hular da Innar Gobir, shugabar matan bori, take sawa. Ma'ana ta fahimci cewa taron bori yana biya wa mata wata bukata ta haɗuwa da neman sauƙin damuwa, sai ta ɗauki alamar ta zuba mata karatu da waƙar wa'azi. Wannan fahimta ta fi ta marubuta da yawa da suka zo bayanta zurfi.

Kashi na biyu, wanda kuma ya fi kowane yawa, shi ne na baƙi masu nazarin bori. A. J. N. Tremearne, hafsan sojan Ingila da ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya fitar da The Ban of the Bori a 1914. Yawancin abin da ke ciki a wurin Hausawan Tunis da Tarabulus ya samo shi, domin a lokacin hukumar Turawa ta hana bori a gida. Ya tara sunayen iskoki da kirarinsu da yawa, wannan kuwa abin godiya ne, amma ƙaramin sunan littafin, wanda ya kira abin "rawar shaiɗanu", ya riga ya yanke hukunci tun daga bango. Ya kalli fili da idon mai neman abin mamaki, kuma sunan da ya raɗa ya bi Hausawa cikin ɗakunan karatu na duniya shekara da shekaru.

Littafin Fremont Besmer, Horses, Musicians, and Gods (1983), wanda ya dogara da bincike a ƙasar Kano, shi ne ya fi kusantar jikin mai motsi. Besmer ya bi ta hannun makaɗa, masu garaya da 'yan buta, ya nuna cewa kowane iska na birnin Jangare yana da takensa, kuma da taken ake kiransa. Daga nan ya bayyana yadda ake gane wanda ya sauka ta hanyar motsi kaɗai: Kuturu yana naɗe yatsu, Malam Alhaji yana tafiyar tsufa da tari da jan carbi, Ɗan Galadima yana taƙamar 'ya'yan sarauta da kyauta ba lissafi, Sarkin Rafi kuwa da hauka da jifa, watau a yi sama a faɗo da mazaunai. A ƙarshe atishawa ce alamar an sauka. Wanda ya karanta wannan da natsuwa zai ga cewa abin ya fi kama da wasan kwaikwayo, inda jama'a take kallon sarki da malami da kuturu da mahaukaci, watau take kallon kanta. Raunin littafin shi ne yadda ya jingina bori ga mutanen gefe, karuwai da 'yan daudu da waɗanda zama ya ƙi, abin da ya fi dacewa da babban birni irin Kano fiye da ƙauye.

A nan ne littattafan da aka rubuta a kan Nijar suka yi gyara. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi nazarin borin ƙasar Maraɗi (1972), Nicole Echard ta yi na Adar da Kurfai (1989), sa'an nan Adeline Masquelier ta fitar da Prayer Has Spoiled Everything a 2001, a kan Arawan Dogon Dutse. Sunan littafin na ƙarshe daga ƙorafin wani ɗan bori aka ciro shi, mai ganin zuwan salla ya rushe tsohon zama. Masquelier ta nuna bori a tsakiyar gida: haihuwa, ciwo, kishi, aure, kuɗi, har da fargabar hanyar mota. Ga malamin Fakku wannan shi ne mafi kusa a harshe, tun da Arewa da Kabi da Sakkwato Hausar yamma suke yi. Duk da haka hankalinta ya fi karkata ga ma'ana da siyasar gari. Mai karatu zai gama littafin ya san dalilin hawa, bai san takun ba.

Idan aka jera waɗannan littattafai a kan kanta ɗaya, sai a ga awon ya karkace. Wanda bai taɓa zuwa ƙasar Hausa ba zai zaci Bahaushe ba ya motsa ƙafa sai iska ya hau shi. Alhali rawar da ta fi yawa a rayuwar mutane ita ce ta dandali da ta biki da ta sana'a: gaɗar 'yan mata da farin wata, kalangun ranar kasuwa, kiɗan ƙwarya da shantu a cikin gida, kalankuwa bayan kaka, rawar maharba da ta 'yan tauri da ta mahauta. Waɗannan su ne ba su sami marubuci ba, watakila don ba su da abin firgitarwa.

Littafi guda ne ya shiga dandali ta ƙofar masu shi, shi ne Baba of Karo (1954). Mary Smith ta rubuta shi daga bakin Baba, tsohuwa mazauniyar ƙasar Zazzau, a tsakanin 1949 da 1950. Baba ba ta ware rawa ta yi mata babi ba, kuma a nan ƙarfin labarin yake. Rawa tana shigowa ne duk inda rayuwa ta kawo ta: 'yan mata sun yi kwalliya sun tafi kasuwa, makaɗi ya kama sunan wata yana kiɗa, samari suna kyauta, ƙawaye suna lura da wanda ya ba wa. A wannan fili ne ake ganin juna, a nan so yake fitowa fili ba tare da an furta shi ba, domin kunya ta hana baki amma ba ta hana kyauta ga makaɗi ba. Labarin auren Baba ya nuna iyakar filin. Ta auri ɗan'uwanta Duma don bin maganar manya, alhali ta yi wa Malam Maigari alkawari, kuma sai daga baya ta je gidansa. Watau dandali yana ba yarinya damar zaɓe, gida kuma yana da ikon jinkirta zaɓen. Haka kuma Baba tana maganar bori a matsayinta na Musulma mai salla, ba da tsoro ba, ba da ɗoki ba, kamar mai ba da labarin maƙwabta. Sai dai littafin na 1954 da Turanci ya fito, kuma kalmomin da Baba ta siffanta motsi da su sun narke a cikin fassara. Abin da ya tsira shi ne maganar waƙoƙin, domin ita ce alƙalami yake iya kamawa.

Wannan matsala ta alƙalami ita ce ta bi marubutan gida. Glossary of Hausa Music and Its Social Contexts na David Ames da Anthony King (1971) ya ba da sunaye da gajeren bayani, haka Hausa Performing Arts and Music na Ziky Kofoworola da Yusef Lateef (1987) ya faɗaɗa fagen. Littattafan makaranta irin su Zaman Hausawa sun bi sahun jero al'adu. A jami'o'i kuwa nazarin waƙar baka ya bunƙasa ƙwarai, musamman ta hannun Sa'idu Muhammad Gusau, har ya zama ɗalibi yana da hanyar feɗe waƙa daga turke zuwa salo. Rawa ba ta sami irin wannan jagora ba. Sau da yawa akan rubuta waƙar gaɗa baiti-baiti, a yi mata sharhi, a bar tafin da da'irar da faɗawar da yarinya take yi da baya a hannun ƙawayenta su cafe ta su cilla. Alhali a wannan faɗawa darasin yake, domin ba mai sakin jiki ta faɗi sai ta amince da waɗanda ke bayanta.

Ƙagaggun labaran soyayya ba su cike giɓin ba. Daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed (1980) zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991) da ɗimbin waɗanda suka biyo baya, fagen so ya koma zance da wasiƙa da makaranta. Da rawar masoya ta dawo, ta fim ta dawo, da salon Indiya, musamman bayan Sangaya a 1999, abin da Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin suka yi nazarinsa, kuma yana cikin abubuwan da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta sa wa ido. Yaron da ya tashi da waɗannan fina-finai yana iya ɗauka cewa saurayi da budurwa suna bin juna a lambu ita ce rawar soyayya ta Hausawa. A dandali kuwa 'yan mata da 'yan'uwansu mata suke rawa, saurayi ɗan kallo ne mai kyauta.

Game da motsin zikiri, abin da aka rubuta ya fi karkata ga gardama. Roman Loimeier, a littafinsa na 1997 a kan gyaran addini da siyasa a Nijeriya ta Arewa, ya kawo saɓanin da aka yi a kan bandirin Ƙadiriyyar Kano ta Shaihu Nasiru Kabara, musamman bayan kafa Izala a Jos a 1978. Gardamar tsohuwa ce a duniyar Musulmi, tun da Imamu Gazali ya ware wa sauraro da wajdi babi a cikin Ihya'u, kuma juyin Maulawiyya na birnin Konya ya sami littattafai masu yawa. Na ƙasar Hausa har yanzu hujjojin ɓangarorin biyu aka fi rubutawa.

Ba ko ɗaya daga cikin littattafan binciken nan da aka yi aikinsa a Fakku ko Kuchi ko Sangi. Zazzau ce, da Kano, da Katsina, da Maraɗi, da Adar, da Dogon Dutse, da Tunis. Turai tana da hanyar rubuta motsi, irin tsarin da Rudolf Laban ya fitar a 1928, amma ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da zai je ƙasar Kebbe ba lalle ne ya fara da wannan ba. Hausa tana da nata kalmomin: taku, juyi, rausaya, rangaji, girgiza, tuma, cashewa, kuma mai cewa wane ya ɓata rawarsa da tsalle ya san inda rawa ta tsaya tsalle ya fara. Tsofaffin matan da suka yi gaɗa a ƙuruciyarsu su ne za su iya bambanta waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya, da Sakkwatancinsu, su kuma nuna da hannu abin da ƙafa ta daina iyawa.