Shaihu Umar a Gidan Sinimar Arsenal

A birnin Barlin na ƙasar Jamus akwai wata ƙungiya ta masu sha'awar fim da aka kafa a 1963. Ta buɗe gidan sinimarta a 1970, ta sa masa suna Arsenal, kuma ba don neman riba aka kafa shi ba. Tun 1971 ita ke shirya wani sashe na bikin fina-finai na Barlin, tana ajiye kwafin da yawa daga abin da aka kawo mata daga ƙasashe masu nisa, har taskarta ta kai wajen fim 10,000. Da ta cika shekara 50 a 2013, maimakon ta tsaya ga jawabai, sai ta buɗe taskar, ta gayyato masana su zaɓi tsofaffin fina-finai a sake nuna su a jere, domin tarihin gidan ya fito ta bakin abin da ya ajiye. Wannan himma ta tono abin da aka manta ita ce daga baya ta kai hannun gidan ga wani fim na Hausa.

Fim ɗin shi ne Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976, aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977 a Ikko. Asalinsa littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, ɗaya daga littattafan gasar 1933 ta Hukumar Talifi a Zariya. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Umaru Ladan ɗin kuma shi ya fito a matsayin Shaihu. Bayan haka fim ya ɓace wa idon jama'a shekara da shekaru, sai a 2016 Didi Cheeka da abokan aikinsa suka iske gwangwanayensa a wani tsohon ginin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a Ikko. Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a Barlin a 2018. Wanda ya san yadda zafi da laima ke cin faifan fim, har ya yi tsami ya manne, ya san ba ƙaramin sa'a aka yi ba.

Halilu ya riƙe ginin littafin: malami zaune a Rauta, almajirai sun tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya shiga ba su labari. Amma littafin ɗan ƙarami ne, maganarsa a taƙaice, fim kuwa ya haura sa'a biyu. Wannan jinkiri ya yi wa tafiyar ayari cikin Sahara kyau ƙwarai, gama abin da marubuci ya gama da jimla biyu, watau nisa da ƙishirwa da ƙanƙantar ɗan Adam a cikin rairayi, hoto ya ba shi haƙƙinsa. A fada kuwa, inda fadawa ke ƙulla wa Makau makirci, a kan ji ƙamshin dandalin wasan kwaikwayo, kowa na jiran juyinsa ya yi magana.

Babbar matsalar ba ta Halilu ba ce, gadonta ya yi daga littafin. Makau, wanda labari ya ke so a ji tausayinsa, shi kansa daga harin kama bayi ya komo sa'ad da aka yi masa ƙazafi. Abdulkarim, Balaraben da ya riƙe Umar kamar ɗan cikinsa ya sa shi karatu, fataucin bayi ne ya kawo shi Kano. Labarin ya la'anci hassada da cin amana, amma cinikin mutum ya bar shi kamar damina da rani, abin da a ke samu a duniya. Ko da ya ke haka ne, akwai wurin da labarin ya fi ƙarfin mai ba da shi, shi ne wajen uwar Umar. Ta fita neman ɗanta, aka yaudare ta aka sayar, aka ja ta har Tarabulus, ba ta sadu da shi ba sai ajalinta ya gabato. Shaihu yana ba almajiransa labarin ne domin su koyi haƙuri da yarda da ƙaddara, amma mai kallo ya kan tashi da hoton matar nan a zuciya, ba da darasin ba.

A nan ne ya kamata a tambayi wa aka gyara wa fim ɗin. Mai kallo a Barlin yana ganin tarihin cinikin bayi na Sahara, abin da ya wuce. Mutumin Batsari ko Safana ba haka zai gan shi ba. Ƙasar Ruma bakin daga ce a ƙarni na 19, tsakanin Katsina da Maraɗi, ta sha hare-hare, shi ya sa har yau a ke ambaton jarumtar Ɗanwaire. Daga wajen 2019 kuma 'yan bindigar da suka fake da Dajin Rugu suka addabi ƙauyukan waɗannan ƙananan hukumomi biyu da kisa da kore shanu da satar mutane don kuɗin fansa. A ƙasar da aka sayar da gona domin a fanso ɗa, ba a bukatar mai sharhi ya bayyana halin da uwar Umar ta shiga. Lalle kuma masu kallo na can su ne za su fi kowa lura da shirun da labarin ya yi game da mutanen da Makau ya kamo, su wane ne, kuma wace uwa ce ta fita nemansu.

Jerin fina-finan tunawa irin na Arsenal yana da wani rauni da ke cikin halittarsa. Tarihin gidan da ya ajiye ya ke bayarwa, ba tarihin waɗanda suka kalla ba. Karkarar ƙasar Hausa ba ta gidan sinima ta fara sanin fim ba. Su Rex da aka buɗe a Kano a 1937 na 'yan birni ne masu kuɗin tikiti, mutanen kirki kuma suna ƙyamarsu, balle bayan gobarar El-Duniya ta 1951. Ƙauye majigi ya sani: motar gwamnati ta iso da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, bayan isha'i a nuna Baban Larai ko fim ɗin tsabta, mai sharhi yana fassarawa da lasifika, ba a biyan ko anini. Majigi ma ba don riba aka yi shi ba, sai dai shi horo ya zo yi, ba ya tambayar ra'ayin kowa. Halilu kuwa a sashen fina-finai na gwamnatin Jihar Arewa ya ƙware, inda a ke shirya wa majigi abin nunawa, saboda haka natsuwar hotonsa da son koyarwarsa suna da asali a gida, ba sai an nemo musu dangi a Turai ba. Haka nan kalmar ɓata da a ke jingina wa aikin tana son gyara. Faifan ne ya ɓata. Labarin bai bar ajin makaranta ba, ɗalibai sun yi ta karanta shi domin jarrabawa.

Yanzu da ya ke an mai da fim ɗin kwafin kwamfuta, nuna shi ba ya bukatar fiye da na'urar haskawa da farin bango da janareta. Taron dare a fili shi ne abu na farko da rashin tsaro ya kan hana, don haka ɗakin karatu da rana ya fi dacewa. Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita tana Dutsinma, maƙwabciyar Safana. Malamin Hausa a can yana da abin da ba kasafai a kan samu ba a adabin Hausa, watau labari guda a siga uku, littafi da wasa da fim, ga kuma ɗalibai 'yan ƙasar Ruma waɗanda za su iya faɗin wace siga ce ta fi yi wa uwar Umar adalci.