Darasin Mulki a Lise: Me Yaranmu Ke Kawowa Gida?



Da yawa cikinku kun sayar da gero ko rago don ɗa ya je lise a Gaya ko Doso. To, ga tambaya: a shekaru uku na ƙarshe kafin jarrabawar bak, me ake koya masa game da yadda ake mulkin ƙasa?

Mu fara leƙa maƙwabta. A Nijeriya, har nan jihar Kebbi da ke ƙetaren iyaka, akwai darasi guda mai suna Gwamnati. Shekara uku ake yin sa, kuma yana cikin jarrabawar WAEC. Kyansa shi ne bai manta da gida ba. Yaro zai karanta sarautar Hausa da Fulani: sarki, waziri, galadima, hakimi da alƙali. Zai ga yadda Ingila ta yi mulki ta hannun sarakuna, da yadda Faransa ta yi nata. Zai bi dokokin mulki na 1922, 1946, 1951 da 1954, har zuwa ƴancin kai a 1960. Amma yana da aibi biyu. Na ɗaya, ba kowa ke ɗaukarsa ba, masu karatun kimiyya yawanci ba sa yin sa. Na biyu, da Ingilishi ake koyar da shi, sai hadda ta fi fahimta yawa.

A nan Nijar ba mu da darasi mai wannan suna. Zancen mulki a warwatse yake cikin tarihi da falsafa, da Faransanci. Yaro zai ba ka labarin yaƙin duniya na biyu, da kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945. Wannan ilimi ne, ba mu raina shi ba. Sai dai ya tsaya cikin takarda.

Na gani da idona. A 2023, da aka rufe iyaka, kaya suka yi tsada, wani dattijo na ajinmu ya tambayi ɗansa ɗan lise: "Ɗana, wa ya rufe hanyar Kamba, kuma da wace doka?" Yaron ya sani. Amma da ya buɗe baki, Faransanci ya fito. Uban ya ce, "Allah ya yi maka albarka," ya tashi da tambayarsa. Ba laifin yaron ba ne. Ba a taɓa sa shi ya faɗi abin da harshen uwarsa ba.

Wasu za su ce siyasa fitina ce, kada a kai ta lakwal. Ku bambanta. Bin jam'iyya daban, sanin mulki daban. Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami da yunwa.

Ga abin da nake gani. A fara darasin daga ƙofar gida. Ina harajin kasuwa yake zuwa? Mene ne aikin sarkin kanto, mene ne na gwamnan jiha? Me ya sa Jibo Bakari ya ce a'a a ƙuri'ar 1958? Me taron ƙasa na 1991 ya sake? Sannan a sa kowane ɗalibi ya bayyana darasi ɗaya da Hausa, Zabarmanci ko Dandanci. A 2025 an ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ashe hanya ta buɗe.

Ku ma kuna da aiki. Idan ɗanku ko ƴarku ta zo hutu, ku yi mata tambaya ɗaya daga cikin waɗannan. Ku ce ta amsa da Hausa. Ku rubuta amsar da hannunku, ku kawo aji mu karanta tare.

Allah ya ba mu damina mai albarka.