Wai abin kyauta ba ya ƙarko

Hutun bara na zo gida Dungas da tsohuwar kwamfutata, wadda yayana ya sayo hannu na biyu a Kano. Ubuntu ke cikinta. Wani abokina ya leƙa, bai ga Windows ba, ya ce: "Kai, wannan ta lalace ne?" Na ce kyauta ake samun wannan tsari, kowa na da izinin ya kwafa, ya gyara, ya raba. Ya yi dariya, wai abin kyauta ba ya ƙarko.

To, jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya. Wa ya taɓa sayen Windows a cikinmu? Mai gyara ke zuba mana kwafin sata, mu ba shi jaka biyu, mu tafi. Galibi ma Windows 7 ne, wanda aka daina yi wa gyaran tsaro tun Janairun 2020. Na ga ɗaliba tana kuka a Damagaram saboda ƙwayar cuta ta bi kile ta cinye aikinta na ƙarshen karatu, saura mako guda ta miƙa. Wayar Android da abokin nawa ke riƙe da ita kuwa, a kan Linux aka gina ta, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Jandarmomin Faransa ma Ubuntu suke aiki da shi a ofisoshinsu.

Amma mu masu son abin muna da namu laifin, kuma shi ya fi ci mini rai. Mukan zuba wa mutum Linux mu koma makaranta, mu bar shi da menu na Faransanci da bai saba gani ba. Na'urar buga takarda ta ƙi, wa zai tambaya? Ni ban san mai gyara ko ɗaya ba tsakanin Dungas da Magarya da zai taɓa masa. Takardar da ya tsara a LibreOffice, in an buɗe ta da Word a shagon bugawa, wani lokaci layuka sukan goce. Ba wanda ya gaya masa ya mayar da ita PDF tukuna. Sauko da tsarin kansa giga nawa ne, ga tsadar intanet, ga wuta tana ɗaukewa.

Wanda ya gudu bayan haka ba jahili ba ne.

Wannan hutun zan zo da kile mai ɗauke da Linux Mint. Ana iya gwada shi ba tare da an goge komai ba. Wanda na zuba wa, sai na zauna da shi har ya buga takardarsa ta farko.