Baiwa ko Horo? Wani Tsokaci a Kan Ƙullin Waƙoƙin Narambaɗa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba duba kundayen ɗalibai a kan Ibrahim Narambaɗa zai lura da wata jimla da ba ta ɓacewa, wato cewa Allah ya yi masa baiwar waƙa. Wasu ma sukan ƙara da labaran iskoki, kamar yadda aka saba jingina wa manyan makaɗa. Ba a musun baiwa. Illar ita ce, da an ambace ta sai nazari ya tsaya, domin baiwa ba ta feɗuwa. A wannan maƙala za a yi ƙoƙarin nuna cewa waƙoƙin da kansu suna ɗauke da shaidar horo da aiki na kullum, kuma wannan shaida ta fi shafar mai rubutu fiye da yadda ake zato.

An haifi Narambaɗa a Tubali ta ƙasar Isa ta wancan zamani. Ya taɓa kiɗan noma kafin ya koma kiɗan fada da kotso, inda ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, ya kuma rasu a farkon shekarun 1960.

2.0 Shaida Daga Tsari

Hujja ta farko tana cikin yadda ake rera waƙar. A waƙoƙin Mamman Shata, wanda Ɗandatti Abdulƙadir ya yi nazarinsa a 1975, jagora ne ke ɗauke da ɗiyan waƙa, 'yan amshi kuwa maimaita amshi kawai suke yi. Saboda haka Shata yana da sararin ya ƙirƙiri sabon ɗa nan take, ba tare da ya shawarci kowa ba. Wannan ya yi kusa da abin da Albert Lord ya bayyana a 1960 game da mawaƙan baka na Yugoslabiya, masu ƙulla waƙa a lokacin da suke rera ta.

Tsarin Narambaɗa dabam yake. Sau da yawa yakan fara ɗan waƙa, sai yaransa su karɓe shi a tsakiya, su ƙarasa shi da murya ɗaya, sa'an nan su faɗa cikin amshi, alhali hannuwansu suna kan kotso. Ƙungiyar mutane ba za ta haɗa baki a kan kalmomin da ba ta taɓa ji ba. Ashe ke nan kafin a kai waƙar ƙofar fada an zauna an tsara ta, an bita, an daidaita ta da kiɗa, an sake bita har ta zauna a bakin kowa. Wannan karɓeɓeniya ita ce tambarin aikin da aka yi a zaure, inda ba mai kallo, ba mai kyauta. Mai nazarin da ya rubuta waƙar a takarda bai bambanta muryar jagora da ta yara ba, ya shafe babbar shaidar yadda aka yi ta.

3.0 Shaida Daga Jigo

Hujja ta biyu ita ce ƙuncin fagen da makaɗin fada yake aiki a ciki. Ubangida ɗaya ne, shekara da shekaru. Abubuwan yabo ƙididdigaggu ne: asali, jaruntaka, kyauta, iya mulki, riƙon addini, sai zambo ga abokan hamayya. Sarakunan Isa zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, ko da yake suna riƙe da sarautar Sarkin Gobir, saɓanin Sabon Birni inda sarautar take a hannun Gobirawa, jikokin waɗanda aka ci birninsu na Alƙalawa a 1808. Makaɗin da zai yi yabo a irin wannan wuri tilas ya san salsalar kowane gida da kirarin kowane kaka, ya kuma san sunan da bai kamata a ambata ba a gaban wane. Wannan sani karatu ne, kuma ba ya sauka a mafarki.

Bayan haka, lokacin fita ba a hannun makaɗi yake ba. Salla ƙarama da babba suna zuwa a kan ƙa'ida, ga naɗin sarauta, ga baƙi, ga tafiyar sarki. Ranar hawa ba a cewa hikima ba ta zo ba. A nan ne ƙwarewar Narambaɗa take fitowa fili: abin da zai faɗa tsoho ne, sai dai ya sabunta hanyar faɗarsa. Waƙarsa ta Dokin Iska Ɗanfilinge misali ce mai kyau, inda yabon doki ya zama wata ƙofa ta yabon mai doki. Irin wannan dabara ta mutumin da ya daɗe yana juya abu ɗaya ce, har ya gano gefen da ba a taɓa kallo ba.

To, ina batun Bakandamiya, wadda a cikinta yake wasa kansa da fifita azancinsa a kan na sauran makaɗa? Masu ra'ayin baiwa nan suka fi kafa hujja. Amma kirari salo ne, yana da ƙa'idarsa; ɗan kokawa ma ba ya lissafa kwanakin da ya sha ƙasa idan ya shiga fage. Kuskure ne a ɗauki wasa kai a matsayin bayanin hanyar aiki. Hasali ma, tsawon Bakandamiya da yadda yara suke karɓar ɗiyanta ba tuntuɓe sun isa su nuna cewa waƙar da ta fi kowace alfahari da hikima tana cikin waɗanda suka fi cin bita.

4.0 Wata Suka da Amsarta

Mai karatu yana iya cewa makaɗan fada da yawa sun yi irin wannan horo, amma ba su zama Narambaɗa ba. Gaskiya ne. Horo ba ya haifar da baiwa, sai dai in babu shi ba mai jin labarinta. Yana iya kuma cewa waƙar baka dabam, rubutu dabam. A nan sai a dubi Abubakar Imam. A 1936 aka ɗauko shi daga Katsina zuwa Zariya, ƙarƙashin kulawar Dokta R. M. East, ya rubuta Magana Jari Ce cikin kimanin wata shida. Daga 1939 kuma ya kama aikin Gaskiya Ta Fi Kwabo, inda ranar buga jarida ba ta jiran kowa. Idan aka jera su biyu, abubuwa uku ne suka haɗa su: zaman aiki da ba ya yankewa, da kunnen wani da ke sauraro yana gyara, da wa'adin da ba su ne suka sa shi ba. Abin da yara suke wa makaɗi a zaure, shi edita yake wa marubuci a kan tebur.

5.0 Kammalawa

Wannan batu ya wuce gardamar masana. Ɗalibin da ya gaskata cewa adabi saukowa yake yi, zai zauna jiran saukar kundinsa. Alhali kuwa aikin da ke gabanmu a ƙasar Gobir ba mai jira ba ne. Rubuta waƙoƙin Narambaɗa a kan karin harshensu, da "ɗiya" da "shi" da "yat tahi", ba tare da an mayar da su Kananci ba, aiki ne na sa'a guda yau, sa'a guda gobe, ana saurare ana komawa baya. Fassara sunayen mutane da wurare da habaicin da ke cikinsu kuwa sai da dattawan Isa da Turba da Bafarawa da Sabon Birni, waɗanda suka ji shi da kunnensu suna yara. Ƙaraminsu ya haura saba'in. Hare-haren 'yan bindiga da suka tsananta a yankin a 2020 da 2021 sun tarwatsa ƙauyuka da dama, wasu mutanen har suka tsallaka ƙasar Maraɗi. Duk kalmar da ba a tambayi ma'anarta bana ba, tana iya zama kalmar da za a yi ta hasashe a kanta har abada.

Saboda haka shawara ga ɗalibai da malamansu ita ce a ɗauki darasin daga zauren makaɗin: a ware lokaci a tsare shi, a sami abokan karɓi da za a riƙa karanta wa abin da aka rubuta kowane mako, a kuma yarda da wa'adi. Sannu ba ta hana zuwa, amma sai ga wanda ya riga ya kama hanya.