Yara a Filin Sukuwa: Nazarin Al'adar Birtaniya da Haɗarin Caca

A Birtaniya, tseren dawaki shi ne wasa na biyu wajen tara 'yan kallo bayan ƙwallon ƙafa, kuma mafi yawan filayen sukuwar ƙasar ba sa karɓar ko sisi daga wanda bai kai shekara 18 ba, muddin yana tare da babba. A lokacin hutun bazara akan keɓe ranakun iyali, a kafa lilo da rumfunan wasa, a kawo kuru yara su hau. Masu harkar ba sa ɓoye manufarsu: yaron da ya saba da filin tun yana ƙarami shi ne ɗan kallon gobe. Abin dubawa shi ne, a wannan ƙasar ɗan kallon sukuwa da ɗan caca kusan mutum ɗaya ne.

Dangantakar ta samo asali tun farkon wasan. Sukuwar Ingila ta girma ne a hannun sarakuna da attajirai masu sa kuɗi a kan dawakinsu. Sarauniya Anne ta kafa filin Ascot a 1711, aka fara tseren Derby na Epsom a 1780, na Grand National kuma a Aintree a 1839. A 1961 aka halatta buɗe shagunan caca a kan titi, kuma a shekarar ce aka kafa hukumar da ke yankar wani kaso daga ribar dillalan caca tana mayar wa harkar sukuwa. A yau kason kashi 10 cikin ɗari ne na ribar da suke ci a kan tseren dawaki, abin da ke kaiwa wajen fam miliyan 100 a shekara. Daga nan ake biyan wani ɓangare na kyaututtukan tsere, da binciken lafiyar dawaki. Ban da wannan, kamfanonin caca na biyan filaye kuɗin nuna tsere a shagunansu da shafukansu na intanet, suna kuma ɗaukar nauyin manyan tsere. Tun 2023 sunan kamfanin Betfred ke manne da Derby. Ke nan caca ce ke riƙe da sukuwar Birtaniya, kuma duk wani shiri na jawo yara yana gudana ne a cikin gidan da kuɗin caca ya gina.

Yaro kan shiga harkar ta ɗaya daga ƙofofi biyu, kuma bambancinsu babba ne. Ta farko ita ce ƙofar barga. Yara daga shekara 9 zuwa wajen 16 suna tseren kuru a ƙarƙashin wata hukuma da aka kafa a 2007, kuma fitattun mahaya irin su Hollie Doyle da Tom Marquand daga nan suka taso. Akwai makarantar koyon hawa a Newmarket, akwai wata kusa da Doncaster. Yaron da ya bi ta nan da asuba yake tashi, ya kwashe kashin doki, ya goge jikinsa, ya ɗaura sirdi, ya koyi riƙon linzami, ya san ciwon faɗuwa. Doki a wurinsa dabba ce mai hali da lafiya da rashin lafiya.

Ƙofa ta biyu ita ce ta 'yan kallo, kuma yawancin yara ta nan suke shiga. A gaban rumfar kallo dillalan caca ke jere, kowa da allonsa mai hasken lantarki, sunayen dawaki a hagu, farashi a dama, lambobi suna sauyawa kowane minti. Uba ya buɗe ɗan littafin tsarin tsere, ya ce wa 'yarsa ta zaɓi doki. Ta zaɓi wanda mahayinsa ya sa riga mai ruwan hoda, ko wanda sunansa ya ba ta dariya. Ya miƙa fam 2, ya karɓo takarda, ya danƙa mata ta riƙe. Dawaki suka shawo kwana ta ƙarshe, dubban mutane suka ɓarke da ihu, ita ma tana tsalle da takardar a hannu. Idan dokin ya ci, a sai mata alawa da kuɗin. Ba a karya doka ba ko kaɗan, amma yarinyar ta koyi cewa daɗin tsere yana cikin takardar. Ranar Grand National irin wannan na faruwa a cikin falon gidaje ko'ina a ƙasar, inda ake yanka sunayen dawaki a zuba cikin hula kowa ya zara, har da ƙananan yara.

Dokar caca ta 2005 ta haramta karɓar kuɗin caca daga wanda bai kai 18 ba, ta kuma hana shi shiga shagon caca. Sai dai ta yi wa filayen tsere togiya: a ranar sukuwa yaro na iya tsayawa a wurin da ake cacar. Haka kuma a 2019, lokacin da kamfanonin caca suka amince su daina tallarsu a talabijin yayin da ake nuna wasa kai tsaye kafin ƙarfe 9 na dare, an cire tseren dawaki da na karnuka daga yarjejeniyar. Ko iyakar shekarun ma ba kullum ake kiyaye ta ba. A bikin Royal Ascot na 2019 hukumomi sun tura ɗan shekara 16 ya gwada dillalai 17, bakwai daga cikinsu suka karɓi fam 5 ɗinsa. A maƙwabciyarsu Ailan kuwa, sai a 2020 aka sa iyakar shekara 18 a kan cacar haɗaka ta filin tsere. Doka tana gadin lokacin da kuɗi ke barin hannu, amma shekarun sabo da suka gabaci wannan lokacin babu mai gadinsu, kuma a nan ne raunin tsarin yake.

Akwai lissafin da ba kasafai ake nuna wa yaro ba, alhali ɗan aji shida zai gane shi. A ɗauka dawaki biyu ne kacal, ƙarfinsu ɗaya. Adalci shi ne wanda ya sa fam 11 ya ci fam 11. Dillali kuwa fam 10 zai ba da a kan kowanne. Mutum biyu suka sa fam 11 kowa a kan nasa dokin, dillali ya tara 22, ya biya wanda ya ci 21, ya soke fam 1 a aljihu, ko wane doki ya zo na ɗaya. A tseren da ke da dawaki ashirin ko talatin, wannan rarar ta fi haka kauri nesa ba kusa ba. Dokin da aka fi sa wa rai ma kusan sau ɗaya cikin uku yake ci. Wanda ya daɗe yana yi, asara ce makomarsa, sai ɗan ƙalilan.

Cacar doki ta fi ta kati ko ta inji saurin yaudarar mai wayo, domin tana kama da ilimi. Ana nazarin asalin doki, nauyin da zai ɗauka, laushin ƙasa bayan ruwan sama, tarihin mai horar da shi. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa yakan ji daɗin wannan, ya ɗauka sani zai iya rinjayar sa'a, bai san dillali ya riga ya zuba duk bayanan cikin farashi ba. Ga kuma abin da masana halayyar ɗan Adam suka daɗe da tabbatarwa: ladar da ke zuwa jefi-jefi, ba a san ranar zuwanta ba, ta fi kowace iri kafa ɗabi'a. Binciken da aka yi a Jami'ar Cambridge a 2009 ya nuna cewa faɗuwar da ta yi kusa da nasara tana motsa sassan ƙwaƙwalwar da nasara ke motsawa, tana ƙara sha'awar sake gwadawa. Sukuwa cike take da irin wannan, domin sau da yawa tazarar na ɗaya da na biyu ba ta wuce tsawon kan doki ba. Sashen ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum birki kuwa ba ya gama nuna sai an haura shekara 20.

Ba duk yaron da ya je kallo ne ke zama ɗan caca ba, kuma mafi yawa ba sa zama. Amma bincike daga ƙasashe da dama ya nuna cewa fara caca da wuri, da tasowa a gidan da ake yin ta, suna cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa. Ƙididdigar Hukumar Kula da Caca ta Birtaniya ta 2018 ta kiyasta yara 55,000 masu shekara 11 zuwa 16 da caca ta riga ta zame wa matsala, ta kowace irin hanya, ba ta doki kaɗai ba. A 2019 hukumar lafiya ta Ingila ta buɗe asibitin farko na masu wannan lalura 'yan shekara 13 zuwa 25 a Landan. Wayar hannu ta ƙara dagula lamarin: a da caca kan ƙare da tseren ƙarshe na yamma, yanzu kuwa matashin da ya cika 18 zai iya bin tseren Amurka da na Ostireliya yana kwance a kan gado.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya. A Hong Kong, inda cacar doki ta kai maƙura, ba a barin ɗan ƙasa da 18 ya shiga fili ranar tsere. A Dubai, mai gasar kofin duniya ta sukuwa tun 1996, da Saudiyya, mai tseren dala miliyan 20 tun 2020, iyalai na kallo ba tare da rumfar caca a fili ba, ko da yake a ƙasashen waje ana caca a kan waɗannan tseren, kuma dukiyar gwamnati da ta sarakuna ce ke cike gurbin kuɗin da Birtaniya ke samu daga dillalai.

Wannan rabuwa tsakanin sukuwa da caca ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, inda sukuwa ke da filayenta a Kano da Katsina da Sakkwato, kuma yara ke tasowa a bargar gidan sarauta. Malaman fiƙihu sun halatta tseren dawaki da kyautar da shugaba ko wani na gefe ya sa, suka haramta 'yan kallo su zuba kuɗi wani ya kwashe. Haɗarin a nan ta wata ƙofa yake shigowa: shagunan cacar wasanni da manhajojin waya, waɗanda wasunsu ke nuna tseren dawaki da karnukan da kwamfuta ta zana, sabon zagaye kowane 'yan mintoci. A 2024 Hukumar Hisba ta Kano ta rufe irin waɗannan shaguna da dama, kuma a watan Nuwamba na shekarar Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukuncin cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne.